Na samu gurbin karatun injiniya, me zan yi kafin a buɗe makaranta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Alhamdulillah na samu adimishan a ABU Zariya, sashen injiniyan lantarki, amma da sauran watanni kafin mu shiga. Baba na so ya sayar da masararsa ya saya min laftof, wai injiniya ba ya karatu sai da ita. Ni kuma gaskiya lissafi ne ke ba ni tsoro. Don Allah a ba ni shawara. Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Ka roƙi Baba ya bar masararsa tukuna. Karatun nan shekara 5 ne, kuma aji ɗaya kusan duk lissafi ne da fiziks da kemistiri, biro da littafi da kalkuleta mai kyau sun ishe ka, laftof sai gaba in kun zo kan su AutoCAD da MATLAB, manhajojin zane da lissafi na injiniyoyi.

Tsoron nan naka shi ya fi damuna, kuma shi za ka yaƙa a watannin nan. Ka ga yawancin masu faɗuwa kalkulas, wani reshen lissafi da za ku yi a jami'a, ba kalkulas ɗin ke kada su ba, yaro zai gane abin da malami ya yi a allo sarai, amma da ya zauna shi kaɗai sai aljebra ta riƙe shi a layi na uku, ko ya manta alaƙar sayin da kosayin na tirigonometiri, shi ke nan lissafin ya watse. Don haka ka ɗauko littafinka na SS2 da SS3 ka koma kan aljebra da tirigonometiri da logaridim, ka riƙa warwarewa da hannunka kullum bayan asuba, kar ka leƙa amsa sai ka gama. Kallon bidiyo a YouTube yana taimakawa amma wallahi ba ya maye gurbin biro. Ka nemi wani ɗan aji biyu a unguwarku ya ba ka tsofaffin takardun jarrabawa. CGPA, wato matsakaicin makinka na duk karatun, kan 5 ake lissafa shi, mai son digiri matakin farko sai ya kai 4.50, kuma kwas ɗin da ka faɗi a shekarar farko zai yi ta binka kana biyan bashi.

Da rana kuma ka je shagon mai naɗin koyil ko mai gyaran janareto ka zauna ko kyauta ne, ka koyi riƙe mita, ka ga yadda ake auna wuta, ka ji warin wayar da ta ƙone. In kun kai aji huɗu za a tura ku SIWES, wato koyon aiki a masana'antu, na wata 6, a nan ake gane wanda hannunsa ya saba da aiki.

Kuɗin masarar a ajiye shi don rajista da ɗakin kwana, za ka kuma buƙaci allon zane da kayansa.