Gwaggo a bayan kwaɗo: haƙƙin tsohuwar da aka kai gidan kula da tsofaffi

"Lauya, ina gaisuwa. Gwaggona ce, ƙanwar mahaifinmu. Ba ta taɓa haihuwa ba, mijinta ya rasu, ga shanyewar ɓarin jiki. Ni aiki ya riƙe ni a Ngaundare, sai na sa ta a gidan kula da tsofaffi na wata ƙungiya a Garwa, ina biyan sefa 40,000 duk wata. Ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, ba a gaya mini ba sai bayan kwana uku. Da na je ba sanarwa bayan isha'i, na tarar an garƙame ɗakinsu da kwaɗo ta waje, su biyar a ciki, mai maɓalli ya tafi gida. Banɗakin ɗaya ne na maza da mata, buhu ne ƙofarsa. Kuma an nuna mini hotonta a Facebook ba kallabi, ana ba ta abinci a baki, an rubuta a taimaka wa marasa galihu. Me zan yi?"

Hajiya, Allah ya ba gwaggo lafiya. Bari in fara da kwaɗon nan, don shi ya fi tayar mini da hankali. Ki tuna Garwa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, an ɗauke wuta, wata ta kunna kyandir kusa da katifa. Mutum biyar, wasu ba sa iya tashi da kansu, maɓalli yana wata unguwa. Ko an kira 118, lambar kashe gobara, kafin 'yan kwana-kwana su iso su fasa ƙofa, mai aukuwa ta auku. Sashe na 291 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru na 2016 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga wanda ya tauye wa wani 'yancin walwala ta kowace hanya. Za su ce don kada masu ruɗewa su fita cikin dare suka yi. Maganin wannan mai gadi ne da ma'aikaciyar da ke kwana a wurin. Gwaggo baligar mace ce mai hankalinta, tsufa bai mayar da ita fursuna ba.

Saboda haka kada ta sake kwana a ɗakin nan. Ki kai ta asibiti yau, kuma ba mai ikon riƙe ta don wai akwai cikon kuɗin wata. Bashi hanyarsa daban.

A asibitin ki nemi takardar likita ta shari'a, wadda ake rubuta yawan kwanakin da rauni zai kwantar da mutum. Wannan adadin shi ne ƙashin bayan ƙararki. Sashe na 289, mai magana kan raunin da sakaci ko ganganci ya jawo, yana aiki idan kwanakin sun wuce 30, hukuncinsa kuwa ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5, ko tara, ko duka biyun. Karayar ƙugu a jikin tsohuwa da wuya ta gaza haka. Kwana ukun da aka yi shiru su ma likita ya rubuta su, tare da duk wani gyambon kwanciya da ya gani a bayanta.

Kafin ki yi wa masu gidan ko da tari, ki je wurin wisiye, jami'in nan da ke zuwa ya ga abu da idonsa ya rubuta. Ya buɗe shafin Facebook ɗin ya tabbatar da hoton da ranar da aka sa shi, don da zarar sun ji ƙishin-ƙishin za su goge. Shiga cikin gidan ya duba banɗaki da ƙofa kuwa, lauya zai nemo masa izini daga shugaban kotu. Na sha ganin mai gaskiya ya faɗi a kotu saboda ya fara da faɗa a bakin ƙofa, washegari aka cire kwaɗo, aka kafa ƙofar langa-langa, aka shafa fenti.

Batun hoto ba ƙarami ba ne. Sashe na 74 na dokar laifuffukan intanet ta 21 ga Disamba 2010 ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 2 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5 ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar ɗauka ko yaɗa bayanansa na sirri ba da yardarsa ba, ga kuma dokar kare bayanan mutum da aka sa wa hannu a Disambar 2024. Yardar ta gwaggo ce, ko ke ba ki da ikon bayarwa a madadinta. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kiranta marar galihu alhali ana karɓar kuɗinki. Ki adana duk rasit da saƙon tura kuɗi na waya.

Sai takardun gidan. Idan kin tambaya, mai yiwuwa su nuna miki rasit ɗin rajistar ƙungiya daga ofishin perfe, wato shugaban mulki na gunduma, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1990. Wannan shaida ce kawai cewa ƙungiyar tana nan. Buɗe wurin da ake kwantar da mabuƙata yana ƙarƙashin dokar shugaban ƙasa ta 7 ga Disamba 1977, kuma izininsa daga Ma'aikatar Jin Daɗin Jama'a yake fitowa. Ki rubuta ƙorafi zuwa ofishin ma'aikatar na yankin Arewa da ke Garwa, a buga miki hatimi a kwafinki. Su ne ke da hurumin zuwa dubawa, kuma wannan hanyar ce za ta amfani sauran huɗun da kika baro.

Ƙarar laifi ana kai ta wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati, ko jandarma, ko 'yan sanda. Kowa yana iya kai rahoton laifi, amma diyya haƙƙin gwaggo ce, don haka ta ba ki takardar wakilci. Sashe na 1382 zuwa 1384 na Kod Sibil, kundin dokokin haƙƙoƙi tsakanin mutane, ya ɗora biyan ɓarna a kan wanda ya jawo ta, ya kuma ɗora laifin ma'aikaci a kan wanda ya ɗauke shi aiki. Shugaban ƙungiya ba zai fake da cewa yarinyar da ke aikin dare ce ta yi ba.

Za a turo miki dattawa a ce a yi sulhu, aikin lada ne. Ki saurare su da ladabi. In sulhun kuka zaɓa, a rubuta shi: kuɗin asibiti, goge hoto, cire kwaɗo, kowanne da ranarsa. Kada ki sa hannu a takardar yafe komai kafin likita ya faɗi ko gwaggo za ta sake takawa. Kuma ki riƙe yatsanki daga WhatsApp. Kina kiran sunan gidan da zargi a bainar jama'a, sashe na 305 na kundin hukunta laifuffuka, mai magana kan ɓata suna, zai ba su damar riga ki zuwa kotu.