Na rage wa furosesa gudu don batir ya kai asuba, sai komai ya koma tafiyar hawainiya

Tambaya: Ina da cibiyar koyar da kwamfuta a Ƙofar Ƙaura, Katsina. Saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) ɗaya ce da ni, ta hannu, na ɗora mata manhajar Proxmox da VM shida, wato kwamfutocin kwaikwayo da ke gudana a cikinta, kuma da sola muke aiki. Don batir ya kai asuba na sa furosesa a kan powersave, tsarin tsimin wuta. Tun daga nan ɗalibai ke kukan jinkiri, batirin ma bai ƙara wani abin kirki ba. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, hukumomi biyu ne ke iko da furosesarka, kai kuma ka ɗaure wa ɗaya hannu.

Ta farko ita ce mai rabon lokaci. Proxmox a kan KVM yake, ɓangaren da ke gudanar da VM, wanda ya shiga Linux a 2007, kuma a wurinsa duk furosesar da ka ba VM wani aiki ne kawai da ke layi yana jiran a ɗora shi kan ƙwayar furosesa (core) ta gaske. Abin da mai rabo ke aunawa lokaci ne, ba yawan aikin da aka gama ba. Ta biyu kuwa ita ke yanke gudun ƙwayar da ƙarfin wutar da za ta sha, wato matakan P, da zurfin barcin da za ta yi in ba aiki, matakan C. Kamar layin markaɗe ne: ko an ba kowa minti biyar daidai wa daida, in mai injin ya rage wuta, da rabin ƙullu za a koma gida.

A tsofaffin sabobi masu amfani da acpi-cpufreq wajen sarrafa gudun furosesa, powersave na danne furosesa a mafi ƙarancin gudunta ne, ba ta ɗagawa ko da aiki ya taru. A inda takwaransa intel_pstate ke jan ragama kuwa, sunan ɗaya ne amma gudun yana hawa da sauka. Saboda haka fara duba wanne ne a taka. Alamomin da ka faɗa sun fi kama da na farko.

Batun batir kuma, wutar da furosesa ke ci tana bin gudunta da kuma ƙarfin wutar (voltage) in an ninka shi da kansa, shi ya sa ragewar ke da riba a takarda. Sai dai aikin da zai ƙare a daƙiƙa ɗaya yanzu yana cin biyu ko uku, ƙwayar ba ta samun shiga barci mai zurfi irin C6, inda ake kusan yanke mata wuta. Su kuma fanka da faifai da RAM ba ruwansu da powersave ɗinka, cinsu suke yi.

Barcin ma yana da farashi. Idan VM ta rasa abin yi sai ta ba da umarnin HLT, wato na dakatawa, iko ya koma hannun KVM. Tashi daga C6 na iya cin gomman mikrosakan (kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa) ko sama da ɗari, don haka KVM kan ɗan dakata, har mikrosakan 200 a tsarinsa na asali, ko aiki zai shigo kafin ya saki ƙwayar. Ga darasin Word da Excel wannan jinkirin ba wanda zai ji shi. Masu hada-hadar kuɗi da ko wannan ɗan jinkirin ke damunsu ne ke kashe barcin, kai kada ka bi su.

Ni da zan ba ka shawara, in sabarka na da schedutil, wani tsarin sarrafa gudu a madadin powersave, koma kansa. Tun Linux 4.7 a 2016 yake, kuma daga bakin mai rabon lokaci yake karɓar labarin nauyin aiki, hukumomin biyu su zama suna magana da juna. Shiga BIOS, wato saitin injin na asali, ka miƙa wa Linux ikon sarrafa wuta, ka bar matakan C a kunne. Sannan rage furosesar da ka rarraba: VM mai furosesa huɗu da ba ta cika ɗaya ba tana ta tayar da ƙwayoyi daga barci a banza. Wadda ba a amfani da ita da dare, kashe ta gaba ɗaya.

Kafin duk wannan, buɗe murfin sabar. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a Katsina, kuma furosesa in ta ɗau zafi da kanta take rage gudu, ko me ka zaɓa mata. A hure ƙurar, a sauya man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, sannan ka auna abin da sabar ke ja a allon inbata dare ɗaya kafin gyara da dare ɗaya bayansa.