Tambaya da Amsa: Taraktata Tana Ƙugi Tana Lafawa da Kanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Massey Ferguson 165 da na gada ga mahaifina, da ita muke haro a fadamar Wurno. Tun ƙarshen damina ta tsiri wani hali: ban taɓa totur ba, sai inji ya ɗauki ƙugi, ya sauka kamar zai mutu, ya sake ɗauka. Da safe ba ta cika yi ba, sai ta ɗan jima tana aiki. Makaniken garinmu ya ce a kwance injekta a kai Sakkwato. Mi ka kawo wannan, kuma in bari a kwance?
Daga wani manomi a Wurno

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifi. Kada ka bari a kwance tukuna. Injekta, wato babban famfon da ke auna mai yana tura shi cikin silinda, ita ce ta ƙarshe da nake taɓawa, don ta fi komai tsada a layin mai, kuma sau da yawa laifin ba nata ba ne.

Irin taraktarka an ƙera ta ne tsakanin 1964 da 1975, da injin Perkins mai silinda huɗu, injektar kuma yawanci ƙirar kamfanin CAV ce. A cikinta akwai gwamna, wanda ke ƙara mai idan inji ya ji nauyi, ya rage idan gudu ya yi yawa. To idan man gas yana zuwa yana yankewa, ko yana zuwa da kumfar iska, inji zai lafa, gwamna ya buɗe, man ya iso a lokaci guda, inji ya zabura, gwamna ya rufe. Ƙugin da kake ji ke nan. Kuma maganarka cewa sai ta jima tana aiki take farawa ita ta sa na fi zargin tanki.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo. Da ta soma, sassauta murfin tanki. Akwai ɗan rami a jikinsa da iska ke shiga, ƙurar hunturu kan toshe shi. In ka ji ya ja iska "fuu" kuma inji ya daidaita, ka gama. In bai daidaita ba, kashe ta, ka cire bututun da ke ƙarƙashin tanki, ka tara kwano. Ya kamata mai ya zubo da kauri, ba ɗis-ɗis ba. A kan makunnin da bututun ke haɗe da shi akwai 'yar rariya a cikin tanki, tsatsa da wani baƙin dauɗa mai yauƙi kan lulluɓe ta idan mota tana jijjiga, su saki idan ta kwana. Shi ya sa da safe take yi maka ladabi.

Duba kwalbar da ke ƙasan filta, in taka tana da ita. Ruwa ya fi gas nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, fari, da layi tsakaninsa da mai. Ruwan nan ba daga mai sayarwa kaɗai yake zuwa ba: tankin da ya kwana rabi a daren sanyi yana yin gumi ta ciki. Ka riƙa cika shi da yamma.

Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na jarka. Zuba gas mai tsabta a ƙaramar jarka, ka ɗaure ta sama da inji, ka ja farin tiyo wanda ake ganin cikinsa zuwa bakin ƙaramin famfon mai na gefen inji. In ta daina ƙugin da man jarka, tanki ne ko bututunsa. In ta ci gaba, mayar da farin tiyon tsakanin famfo da filta ka zuba masa ido. Ƙananan kumfa suna bin juna kamar carbi, iska ce ke shiga. Zafin bazarar Sakkwato, da ke haura digiri 40, yana busar da tiyon roba ya tsattsage, kuma irin wannan tsaga takan sha iska ba tare da ta zubar da ko ɗigo ba. Buɗe murfin famfon ma, akwai rariya a ciki.

Canza filta, amma ka tsaya a kan yaron da zai sa. Robar sama a cikin kwarmin murfi take zama, ba a kan filta ba. Na ga an ɗora ta a kai ta toshe hanyar mai, aka ɗora wa injekta laifi. Bayan nan a fitar da iska bi da bi: notin filta, notin ƙasa na injekta, sannan na sama, ana danna hannun famfo har mai ya fito ba kumfa. In hannun ya yi sakwa-sakwa ba ya turo komai, juya inji kaɗan ka sake.

Girgiza sandar totur da hannu, in mahaɗanta sun ci ko sifirin ya saki, a gyara. Zaro ma'aunin baƙin mai: in ya haura alama yana warin gas, mai na zurarewa cikin inji, kada ka ƙara tayar da ita sai an gano ta ina. Kuma inji na aiki kada a laluba bututun nozul (masu fesa mai cikin silinda) da yatsa, man da ke fita nan yana huda fata.

In duk wannan bai yi ba, makanikenka ya yi gaskiya. Irin wannan injekta da man gas ɗin kansa take samun santsi, don haka gas ɗin da aka sirka da kananzir ko mai ruwa yana cinye ta, bawul ɗin da ke auna mai ya riƙa maƙalewa. Kafin a kwance, a tsaftace gindinta a ga alamar saiti da ke nuna daidai yadda take zama, in ta goge a yi sabuwa. A kai ta wurin mai injin gwada injekta, tare da nozul huɗun. Kafin ta dawo a sauke tanki a wanke shi tas, in ba haka ba dauɗar za ta sake bin ta.