Hoton matar gida a bangon titi

Ka tambaye ni, yaro, ko za ka iya zana mace tana daka a bangon da ke kallon titi, tunda mai aikin ya ce yana son zanen da zai nuna rayuwar gidansu. Ba zan ɓata bakina kan haɗa fenti da gyaran shafe ba, domin wanda ya shekara uku yana riƙe mini tsani bai iya su ba, gara ya koma gona.

Tambayarka ta fama mini wani tsohon miki. Wani ɗan kasuwa a Zariya ya taɓa ba ni bangon zaurensa, ya ce in zana al'adar gidansu tun daga kakanni. Na karɓo fenti bashi, na yi kwana 19 a kan tsani cikin zafin bazara. Na fitar da turmi da taɓarya, da jeren kwanukan amarya, da allo da tawada, sannan ƙuruciya ta ɗebe ni na ƙara mace a tsakiya, da goyo a bayanta, ɗankwalinta ya ɗan zame. Shi kansa ya zo sau biyu yana sa mini albarka. Amma da 'yan majalisar ƙofar gida suka fara cewa ai uwargidansa ce aka fito da ita titi, wani malami kuma ya yi magana kan zana abu mai rai, sai ɗan kasuwan ya rantse bai san da hoton ba. Ya sa aka shafe bangon da farar ƙasa a gabana, ya hana ni ko sisi, domin ban karɓi kafin alƙalami ba, ba ni kuma da shaida. Wata shida ina biyan mai fenti, har yau kuwa ba na bin layin nan.

Ku yaran yanzu kuna kwafo hoto daga waya, ba kwa duba aikin magabata. Je ka cikin birnin Zariya ko unguwar Birni ta Damagaram ka ɗaga kai, za ka ga dagi da takobi da keke da agogo, waɗanda da su magina suka bayyana matsayin mai gida ba tare da sun fito da iyalinsa waje ba. Zana turmin, ka bar mai dakan a cikin gida. Ka fara fitar da zanen a takarda, mai aikin ya sa hannu gaban mutum biyu, ka kuma karɓi rabin kuɗinka kafin ka jingina tsani.