Zuwa Dam ɗin Tiga da Karnuka

Tambaya: Ina da karnukan farauta biyu, ina so in kai su bakin Dam ɗin Tiga su sha iska. Me zan kiyaye? Daga mai karatu a Rano.

Amsa: Malam, dam ɗin nan da aka kammala a 1974 a kan Kogin Kano ba kududdufi ba ne. Kada ku kusanci inda ake sakin ruwa, domin yana ja ta ƙasa, ko kare gwanin iyo sai ya tafi da shi.

Ku je da sassafe. In rana ta take, rairayi kan ƙona musu tafin ƙafa. Ɗora bayan hannunka a kai, in ka kasa jurewa, su ma haka. Riƙe su da igiya, saboda Fulani na kawo shanu mashaya, masunta kuma kan bar ƙugiya da guntun kifi a gaɓa. In kare ya haɗiye ta, kada ka ja zaren, zai yaga masa maƙogwaro, sai dai likitan dabbobi. Don Allah nisanta su da inda jama'a ke wanki da alwala.

Tafi musu da ruwan sha, lita 2 kowanne. A tabbatar an yi musu allurar haukan kare ta bana. Da kun dawo, duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska. Kai ma kada ka tsoma ƙafa, akwai tsargiya.