Hukuncin Ɓoye Bidiyon Batsa a Waya Don Kada Iyali Su Gani

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, ni direba ne a Makka, ina zaune da iyalina wajen Shara Mansur. An jarabce ni da kallon batsa tun kafin in yi aure. Da VPN, manhajar da ke ɓoye inda mutum yake shiga a intanet, nake shiga, wasu kuma na sauke su a waya. Kwanaki 'yata ƙarama ta ɗauki wayar za ta kalli katun, saura ƙiris ta buɗe. Ya halatta in sa manhajar da ke kulle fayil da lambar sirri, tunda addini ya ce mutum ya rufa wa kansa asiri? Abokina ya ce hoto ba mutum ba ne, har malamai sun halatta kallon mace ta madubi. Kuma sai na faɗa wa matata tubana zai karɓu?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah. Ɗana, Allah ya yaye maka. Faɗuwar gaban da ka ji ranar da yarinyar ta ɗauki wayar nan rahama ce, kada ka bari ta huce ba ka yi komai ba.

Haramcin kallon ka riga ka san shi. Faɗa wa matarka kuwa ba ya cikin sharuɗɗan tuba, kuma ina hana ka: za ka ɗora mata ciwon da ba ita ta jawo ba. Kada ka ba abokai labari ma.

Inda hukuncin ya juya shi ne faɗinka cewa ka sauke su a waya. Rufin asirin da Shari'a ta yi umarni da shi na zunubin da ya wuce ne, wanda mai shi ya bari yana jin kunyarsa. Manhajar da kake nema kuwa ajiya za ta yi maka domin gobe. Tuba yana buƙatar ƙudurin rashin komawa, wanda ya zauna ya zaɓi lambar sirri don adana abin nan ya riga ya ƙudurta komawa. Saboda haka sa ta da wannan niyya haramun ne, gogewa ita ce wajibi, yau ba gobe ba. Ka duba kwandon da waya ke riƙe abin da aka goge, ka duba ko Google Photos ya kwashe su, ka fita daga zaurukan Telegram da WhatsApp da ke turo maka, ka share tarihin bincikenka. Wannan sharewar ita ce suturar da ake ba ka lada a kanta. Kulle wayar kanta don kare saƙonninka da kuɗinka babu laifi.

Maganar abokinka kuwa tana da tushe, shi ya sa take da haɗari. Gaskiya ne wasu malaman Shafi'iyya, cikinsu har da Ibn Hajar al-Haitami wanda ya rasu a nan Makka a shekara ta 974 bayan Hijira, sun ce ganin surar mace a madubi ko a ruwa bai zama ɗaya da ganin ita kanta ba. Amma abokinka ya yanke maganar a tsakiya. Sun gindaya sharaɗi: in babu sha'awa, babu tsoron fitina. To, me ke kai mutum shafin batsa da ƙarfe biyun dare in ba sha'awa ba? Sharaɗin da suka sa shi ne ya fara rushe hujjarsa. Sannan su suna magana ne a kan sura da ta gifta a ruwan rijiya, ba a kan zina da aka shirya, aka ɗauka, ake sayarwa ba. Duk shigar da ka yi kuɗin talla ne ke shiga aljihun masu wannan sana'a, ka zama mai taimako a kan saɓo ko da ba ka biya riyal ɗaya ba. Annabi (SAW) ya ce zinar ido ita ce kallo, kuma abin da kallo ke yi wa zuciya gilashi ba ya tare shi. Ka tambayi abokin naka: da hoton ƙanwarsa ne a hannun wani, zai ce hoto ba mutum ba ne?

Akwai abin da ba ka tambaya ba. VPN ba ya ɓoye ka yadda kake zato, kamfanin da ya ba ka shi kyauta yana iya ganin inda kake shiga. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 3, ko ɗaya daga ciki, ga mai turawa ko adana abin da ya saɓa wa tarbiyyar jama'a, kai kuma baƙo ne mai igama, wato takardar izinin zama. Ka tuna mai gyaran waya da za ka miƙa wa ita a buɗe ranar da gilashinta ya fashe. In wata ta ja ka kiran bidiyo sannan aka fara yi maka barazanar tura hotonka ga dangi, kada ka tura ko sisi, biya ba ya sa su bari. Ka adana saƙonnin barazanar ka kai ƙara ta Kulluna Amn, manhajar kai rahoto ga jami'an tsaron Saudiyya.

Aikinku akwai dogon zaman jira a mota kai kaɗai, a nan ake faɗawa. Ka cika shi da sauraron karatu ko kiran iyaye. Da dare wayar ta kwana a falo. Ka ba matarka lokacinta da hankalinka, haƙƙinta ne abin nan yake ci. In ka sake faɗawa, ka tashi ka yi alwala ka sake tuba, kada ka ce ai na riga na ɓata. In ya gagara, ka koma ƙaramar waya mai maɓalli na wasu watanni, ka bar babbar don aiki kawai.

Allah ne mafi sani.