Tambaya da Amsa: Midnight Club 3 a kan PSP, in saye shi ko in ɗauki Need for Speed?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wani abokina zai sayar mini da PSP ta hannu, wato ƙaramar na'urar gem ta Sony da ake riƙewa a tafi, ƙirar 1000, kuma yana da faifan tseren mota guda biyu: Midnight Club 3: DUB Edition da Need for Speed: Most Wanted 5-1-0. Kuɗina na faifai ɗaya ne. Na gwada Midnight Club ya burge ni, amma kafin tsere ya fara sai na yi ta zaman jira har na ƙosa. Faifan ne ya lalace ko haka gem ɗin yake? Ina ƙarfinsa, ina rauninsa? In kuma na fasa sayen na'urar, zai yi a wayata? Daga wani mai karatu, Sabuwar Unguwa, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Mu fara da abin da ya fi damunka. Wannan jiran ba alamar lalacewa ba ce, da shi gem ɗin ya fito. Kamfanin Rockstar ya fara sakin Midnight Club 3 a 2005 don PlayStation 2 da Xbox, sannan reshensa na birnin Lids a Ingila ya matse shi ya shigar da shi PSP a cikin shekarar. Ba su yi wa na'urar hannu wani ƙaramin gem na daban ba. Birane ukun nan, San Diyego da Atlanta da Ditroit, duka suka ɗauko. Ita kuwa PSP-1000 ƙwaƙwalwar aikinta megabait 32 ce kacal, kuma tana karanta komai daga ɗan faifan UMD da ke juyawa a bayanta, wanda ba shi da sauri. Shi ya sa lodi, wato jiran na'ura ta karanto gem daga faifai, kafin tsere yakan kai minti 1, wani lokaci ya haura. Tun fitowarsa masu sharhi suka yi ta kuka da wannan.

Ga yadda za ka bambance lodi na asali da faifai mai matsala. Ka kunna tsere uku ko huɗu a jere kana duba agogo. Idan kowane lodi yana ƙarewa a kusan lokaci ɗaya, kuma ƙarar da kake ji ta juyawa ce mai tafiya daidai, lafiya lau. Idan ka ji ƙas-ƙas ana maimaitawa, ko lodin ya tsaya cik, ko titi ya ɓace a gabanka kana tsakiyar gudu, to ko faifan ya karce ko idon da ke karanta shi ya sha ƙura. Ka ciro faifan ka duba gidansa na roba. Ya saba tsagewa ta gefe, ko farar robar nan ta gaba mai kama da gilashi ta lotsa ciki ta riƙa gogar faifan. Sai ka sa ɗaya faifan a na'urar. In shi ma ya yi haka, laifin na'ura ne, kuma wannan ya fi muni, don gyaransa kan iya kai ga canza kan karatun gaba ɗaya.

Yanzu ga abin da ya sa mutane ke haƙuri da jiran.

Babban ƙarfin Midnight Club shi ne ba a gina maka katanga a gefen hanya. Ana kafa maka alamomi ne a cikin gari, hayaƙi mai haske da ke tashi sama, da kibiya a saman sikirin tana nuna maka inda na gaba yake. Yadda za ka isa can, ruwanka. Kana iya bin babban titi, kana iya ratsa filin ajiye motoci, ka keta ta cikin gini, ko ka hau tudu ka tsallake layi biyu a sama. Kibiyar kuwa miƙe take nunawa, ba ta san da gini a tsakaninku ba, kuma a nan sababbin shiga ke faɗuwa: su bi kibiya ido rufe su ƙare a bango. Wanda ya iya gem ɗin ido ɗaya yake ajiyewa a ƙaramar taswirar da ke ƙasan sikirin. Kamar mai babur ne da ya san lungunan cikin gari tsakanin Ƙofar Soro da Ƙofar Marusa: ba ƙarfin injin ke sa ya riga ka isa ba. Akwai ma tseren da ba a jera alamomin ba, kai za ka zaɓi wadda za ka fara ci da wadda za ka ƙare da ita. Irin wannan ba a cinye shi a karon farko. Ka ɗauki zagaye biyu na farko a matsayin karatun hanya, ka lura da inda abokan karawarka ke karkata, don su ma suna bin gajerun hanyoyi, sannan ka dawo ka yi da gaske.

Na biyu, motocin na gaske ne, da sunayensu da siffarsu. Tun a farko ana ba ka zaɓi tsakanin irin su Volkswagen Golf R32 da Jetta, Mitsubishi Eclipse, Dodge Neon SRT-4, da tsofaffin motocin Amurka kamar Chevrolet Impala ta 1964. Gaba kuma akwai manyan jif, motocin alfarma, da babura. An kasa su aji huɗu, daga D zuwa A. Shawararmu ga wanda zai buga a PSP ita ce ya fara da Golf ko Eclipse. Tsofaffin na Amurka suna da kyan gani da ƙarfin tashi, amma bayansu na zamewa a kwana, kuma ɗan madannin sitiyarin PSP ba ya ba ka damar gyara zamiya a hankali.

Kowane nau'in abin hawa yana da baiwarsa da ake buɗewa yayin da kake ci gaba, kuma sanin lokacin amfani da ita rabin wasan ne. Zone na ƙananan motoci masu gudu ne da baburan tsere: lokaci ya rage sauri na 'yan daƙiƙu, ka samu ka shiga matsattsiyar kwana ko ka ratsa tsakanin motoci biyu. Agro na jif da motocin alfarma ne, ka bi ta kan duk abin da ya tare ka ba tare da gudunka ya karye ba. Roar na tsofaffin motocin Amurka ne da manyan babura, wata ƙara ce da ke watsa motocin gabanka gefe. A ganinmu Zone ta fi sauran amfani nesa ba kusa ba a kan ƙaramin sikirin, don ita ce ke ba idonka lokacin da na'urar ta hana shi. Akwai kuma dabarar lafewa a bayan abokin karawa har ma'aunin iska ya cika, sai ka danna ka wuce shi kamar an harba ka. Wannan kyauta ce, ba ta cin naitiro ɗinka, wato ajiyar ƙarin gudu da ke ƙarewa in ka yi amfani da ita. Kada dai ka sake ta ana gab da kwana.

Garejin ma ba wasa ba ne. Sunan DUB daga wata mujallar kwalliyar motoci ta Amurka aka samo shi, don haka rim, bamba, fenti, salansa, fitilun ƙarƙashi, duk akwai su birjik. Amma kwalliya ba ta ƙara gudu. Kuɗinka na farko ka zuba su a injin, giya da taya, rim ya jira. Yawancin masu cewa gem ɗin ya yi tsauri a ƙarshen San Diyego, in ka duba, mota ce mai sheƙi da injin da ba a taɓa ba.

To, rauninsa.

Lodin da ka gani ba kafin tsere kaɗai yake ba. Shiga gareji lodi ne, fita lodi ne, sauya gari lodi ne. Gem ɗin hannu ana so ne a ɗauka a yi minti biyar a ajiye, a cikin Keke Napep ko kafin a kira salla, shi kuwa wannan minti biyar ɗin kusan rabinsa jira zai ci. Abu biyu ke rage zafin. Kada ka riƙa leƙa gareji bayan kowane tsere. Tara kuɗin tsere huɗu ko biyar ka yi aikin a shiga ɗaya. Sannan kada ka kashe na'urar gaba ɗaya. Ka ɗan tura makunnin sama ka saki, za ta yi barci, in ka dawo ka tashe ta daga inda ka tsaya ba tare da sabon lodi ba. Ka dai yi ajiyar wasanka kafin nan, don tsohon batir na iya mutuwa tana barci. Ƙirar 2000 da 3000 suna da megabait 64, kuma akwai saitin UMD Cache da ke amfani da ƙarin wajen rage karatun faifai. Yana ɗan taimakawa, ba ya kawar da matsalar.

Rauni na biyu ya fi shafarka kai mai ƙirar 1000. Tseren duk tsakanin faɗuwar rana ne da asuba, garin duhu ne da fitilu. Sikirin ɗin inci 4.3 ne, ɗigo 480 a 272, kuma na ƙirar farko yana da jinkirin sauya launi, sai baƙin abu mai gudu ya bar inuwa a bayansa. Haɗa wannan da hoton da ke ɗan sarƙewa idan motoci suka yi yawa, za ka ga motar da ke tahowa ba ka gane ta sai ta iso. A waje kuwa, cikin ranar Katsina, ko a inuwar dalbejiya ba za ka ga komai ba. Gem ɗin ɗaki ne. Madannin haske yana da mataki uku a kan batir, na huɗu ba ya buɗewa sai caja na jone, kuma wannan na huɗun ne ya dace da shi. An kuma cire masu tafiya a ƙasa daga titunan don a rage wa na'urar nauyi, sai garin ya yi fayau fiye da na PlayStation 2.

Sai madannai. PSP tana da sitiyari ɗaya, ɗan faifai ne mai zamewa, da madannin kafaɗa biyu maimakon huɗu. Gem ɗin kuwa yana buƙatar totur, birki, birkin hannu, naitiro, baiwa, karkata nauyin mota da fitilar da kake haska wa wani direba don ƙalubalantarsa tsere. Yatsu na cushewa, kuma bayan awa guda babban yatsan hagu zai gaya maka. Kafin ka biya, ka saki sitiyarin a kan miƙaƙƙen titi. Idan motar na ja gefe da kanta, ƙura ta shiga ko ya cinye. Ana canza shi, ba shi da tsada, amma ka sa a rage maka a ciniki.

Game da Most Wanted 5-1-0, shi ma na 2005 ne, daga kamfanin EA. Kada sunan ya ruɗe ka, ba shi ne wanda ake bugawa a gidajen gem a kan PlayStation 2 ba. Na PSP ba shi da yawon gari. Kana zaɓar tsere daga jeri, a rufaffiyar hanya, kana hawa matakan 'yan tsere 15 ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya fi Midnight Club da shi biyu ne: yana shiga tsere da wuri, kuma 'yan sanda na cikin jinin wasan, har akwai inda kai ne ɗan sandan. Amma da ka haddace hanyoyinsa ya ƙare. In lokacin wasanka guntu-guntu ne, shi ka ɗauka. In kana samun awa ɗaya ko biyu a zaune bayan isha'i, Midnight Club ya fi shi nisa, kuma shi muka fi so. Da za ka ci karo da Midnight Club: L.A. Remix na 2008, wanda ke da Los Anjalis da Tokiyo, ka gwada shi, lodinsa ya fi sauƙi.

Maganar buga shi da abokai, na'ura da na'ura ake haɗawa a kusa ta makunnin WLAN na haɗi ba igiya, kowa da faifansa. Faifan gem na PSP ba ya zaɓar ƙasa, na Amurka na yi a na'urar Turai, amma wajen haɗuwa gara ku kasance da bugu iri ɗaya, don na Amurka da na Turai sukan ƙi ganin juna.

A waya kuma, manhajar PPSSPP mai kwaikwayon PSP, wadda ta fito a 2012 kuma kyauta ce, tana ɗaukar gem ɗin idan kana da kwafin faifanka. Lodi na raguwa sosai, don babu faifai mai juyawa. Sai dai gem ne mai nauyi. A ƙaramar waya ka bar girman hoto a 1x, in ta ɗauka ka gwada 2x. In sauti na yankewa, ka sa tsallake hoto a 1, ka kuma gwada saitunan zana hoto biyu, Vulkan da OpenGL, ka ga wanda wayarka ta fi so. Cikakken kwafin faifai, fayil ɗin ISO, ya fi matsattsen kwafi na CSO tafiya sumul a gem mai buɗaɗɗen gari. Da zafin watan Afrilu waya na rage gudun kanta idan ta ɗau zafi, don haka ka cire mata riga, kuma kada ka buga tana caji. Madannan kan gilashi ba sa yi wa wannan gem, sai ka nemi abin riƙewa na Bluetooth.

In ka tsaya a kan PSP ɗin, ka buɗe murfin batir kafin ciniki ya faɗa. Na asali na ƙirar 1000 mAh 1800 ne. In ya kumbura har murfin ba ya rufuwa daidai, kada ka caja shi ko sau ɗaya, a canza. Waɗanda ake rubuta wa 3600 a kasuwa yawanci rubutun ne kawai, kuma juyin faifan wannan gem na shan wuta fiye da yawancin gem. Cajarta bolt 5 ce mai siririn baki, kuma ƙirar 1000 ba ta caji ta ramin USB kamar 2000 da 3000, don haka in da fawa bank za ka riƙa amfani sai ka nemi wayar da ke da wannan bakin. Ka tabbata an haɗa maka da katin Memory Stick Pro Duo, in ba shi babu inda za ka ajiye wasanka. Da hunturu kuma, faifan da ba ya cikin na'ura ya zauna a kwalinsa, don gidan UMD yana da taga a buɗe da ba ta da marufi.